Tallafin fam 7,500 na famfon ɗumi a Ingila: abin da na gani bayan hunturu guda

A watan Yunin 2024 ne mai gyara ya zo duba boilar gidanmu da ke wajen birnin Manchesta karo na uku a cikin shekara ɗaya, kuma bayan ya buɗe ta ya ɗan yi shiru, sai ya ce zai iya sake lallaɓa ta, amma ba zai ɗauki alkawarin za ta kai mu ƙarshen hunturu ba. Boila, ga wanda bai taɓa zama a ƙasar sanyi ba, tukunya ce ta ƙarfe da ke ƙona iskar gas, ta ɗumama ruwa, ta tura shi cikin bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa da ke manne da bangon kowane ɗaki, waɗanda a gidanmu muke kira lagireto saboda aikinsu ya yi kama da na lagireton mota. Ita ce kuma ke ba da ruwan zafin wanka da na wanke-wanke. Tamu ta haura shekara 15 tana aiki, kuma sauya ta da sabuwa irinta zai ci kimanin fam 3,000. Wannan ne ya sa na fara bin kadin tallafin da gwamnati ke bai wa masu gidaje domin su rabu da gas su koma famfon ɗumi, na'urar ɗumama gida mai aiki da lantarki, kuma yanzu da na ci gajiyarsa, na kuma yi hunturu guda da na'urar, ina ganin zan iya faɗin albarkacin bakina a kan tallafin da aikin da ya biyo bayansa.

Sunan shirin Boiler Upgrade Scheme, ma'ana shirin sauya boila, kuma Ingila da Wales kaɗai ya shafa, domin Sikotland tana da nata tsarin dabam wanda ya haɗa tallafi da bashi marar ruwa. An buɗe shi a watan Mayun 2022 da kasafin fam miliyan 450 na shekara uku, kuma da farko fam 5,000 ake bayarwa ga famfon da ke zuƙo ɗumi daga iska, fam 6,000 kuma ga wanda ke zuƙo shi daga ƙarƙashin ƙasa. A watan Satumban 2023 Firaminista Rishi Sunak ya sanar da ƙarin kuɗin, kuma daga ranar 23 ga Oktoban shekarar dukkan nau'o'in biyu suka koma fam 7,500. A 2023 ɗin ne kuma aka tsawaita wa'adin shirin zuwa 2028. Hukumar Ofgem, mai sa ido a kan kasuwar gas da lantarki, ita ke gudanar da shi. Dalilin gwamnati ba ɓoyayye ba ne, domin ɗumama gidaje kaɗai yana samar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hayaƙin da Birtaniya ke fitarwa mai haddasa ɗumamar yanayi, mafi yawan gidaje da gas ake ɗumama su, ga shi kuma ƙasar ta ɗaure kanta da doka tun 2019 cewa zuwa 2050 hayaƙin da za ta fitar ba zai wuce wanda za ta iya shanyewa ba.

Famfon ɗumi ba ya ƙona komai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan na'urar sanyaya ɗaki a Kano ko Zinder ya ji hucin da take fesowa waje ya riga ya san sirrinsa, domin na'urar ba sanyi take ƙerawa ba, zafin ɗakin take kwashewa ta zubar a waje. Famfon ɗumi wannan aikin yake yi a juye: akwati ne mai fanka da ake ajiyewa a wajen gida, a cikinsa akwai wani ruwan sinadari da ke zama tururi ko da a cikin tsananin sanyi, sai ya tsotsi ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje, injin matsi ya matse tururin har ya yi zafi, sannan a miƙa zafin ga ruwan da ke zagaya lagiretoci. Lantarkin da yake ci na juya injin ne da fankar kawai, shi ya sa yunit ɗaya na lantarki ke iya haifar da yunit uku zuwa huɗu na ɗumi, alhali boila mai kyau idan ta ci yunit ɗaya na gas ba ta mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari ko kusa da haka. Sai dai akwai sharaɗi, kuma a kansa duk maganar ta rataya: gwargwadon zafin da ka nemi famfon ya kai ruwa, gwargwadon raguwar wannan riba. Boila tana tura ruwa mai digiri 60 zuwa 70, famfo kuwa ya fi sakewa tsakanin digiri 35 da 45.

Doka ta ce ba mai gida ke neman tallafin da kansa ba, mai sa na'urar ne ke nema a madadinsa, kuma dole ya kasance yana da shaidar ƙwarewa ta tsarin da ake kira MCS. Saboda haka matakin farko shi ne neman kamfani, kuma a nan na ga abin da ya fi komai ba ni mamaki. Kamfani na farko ta waya muka yi magana, aka tambaye ni yawan ɗakunan kwana da shekarar da aka gina gidan, kuma kafin minti goma ya cika an yanka mini farashin inji mai ƙarfin kilowat 12. Na biyu ya turo wani saurayi mai ƙamshin turare da ƙaramar kwamfuta a hannu, wanda ya zagaya falo sau ɗaya, ya leƙa kicin, sannan ya shafe rabin sa'a yana nuna mini cewa rangwamen da ya zo da shi zai ƙare a wannan yammacin idan ban sa hannu na ba da kafin alƙalami ba. Na ba shi shayi, na raka shi bakin ƙofa.

Na uku ƙaramin kamfani ne na wani dattijo da yaronsa, kuma su ne suka sa na gane mene ne ainihin aikin. Sun yi kusan sa'a uku a gidan. Yaron yana riƙe da abin awo yana faɗin tsawo da faɗin kowane ɗaki da kowace taga, dattijon yana rubutawa. Sun auna kowane lagireto, sun ɗaga gefen kafet sun duba kaurin bututun da ke ƙarƙashin daɓen katako, sun ƙwanƙwasa bango sun tambaye ni ko an taɓa cusa abin tsare ɗumi a ramin da ke tsakanin bulo biyu, domin gidan ginin shekarun 1930 ne mai bango ɗaya da maƙwabci. Dattijon ya hau saman silin da tocila a baki, ya sauko gwiwoyin wandonsa duk ƙura, ya ce audugar da aka shimfiɗa a can ba ta kai rabin kaurin da ake so ba. Bayan mako guda suka aiko da takarda mai shafi da yawa, wadda ta nuna ɗumin da kowane ɗaki ke zubarwa a ranar da sanyin waje ya sauka digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili. Jimillar gidan duka ba ta kai kilowat 6 da rabi ba. Suka ba da shawarar inji mai kilowat 7, wato kusan rabin wanda aka so sayar mini ta waya, tare da sauya lagireto biyar daga cikin goma da manya, domin ruwa mai ɗumi kaɗan sai ya sami faɗin ƙarfe kafin ya ɗumama ɗaki.

Da na tambayi dattijon abin da zai hana in ɗauki babban inji don kwanciyar hankali, tunda mu mun taso da ganin cewa janareto gara ya fi ƙarfin gida da ya gaza, sai ya bayyana mini cewa famfon da ya fi ƙarfin gida ba ya samun damar yin aiki a hankali na dogon lokaci, kullum cikin tashi da mutuwa yake, kuma kowane tashi yana cin wuta yana kuma gajiyar da injin matsi. Ƙa'idar MCS ta wajabta wannan awo na ɗaki-ɗaki kafin a tsara aiki, amma bambanci tsakanin wanda ya yi shi don cika takarda da wanda ya yi shi don ya san gidan kamar bambancin tela mai gwada ka ne da wanda ya kalle ka daga nesa ya yanka yadi. Tallafin da gwamnati ke bayarwa ɗaya ne ga duka biyun, fam 7,500 ba ƙari ba ragi, kuma wannan shi ne babban abin da nake so duk mai niyyar shiga shirin ya riƙe, domin kuɗin yana sauƙaƙa sayen injin, amma ba shi da ta cewa a kan ko gidan zai yi ɗumi ko kuɗin wuta zai yi sauƙi.

Farashin da suka yanka fam 12,600 ne, ya haɗa da injin, da tankin ruwan zafi mai cin lita 250, da lagiretoci biyar, da aikin lantarki, kuma babu harajin VAT a kai, domin an ɗauke shi daga irin waɗannan kayayyaki tun Afrilun 2022 har zuwa ƙarshen Maris na 2027. Da aka cire tallafin sai ya rage fam 5,100 a kaina. Wannan bai yi nisa da matsakaicin abin da ake kashewa a ƙarƙashin shirin ba, wanda ke kewayen fam 13,000 kafin a cire tallafi.

Ɓangaren takardu shi ne wanda na fi fargaba, shi ne kuma ya zo da sauƙi fiye da komai, kuma ya cancanci yabo ba tare da kwana-kwana ba. Abin da aka buƙata daga gare ni shi ne shaidar mallakar gida da takardar EPC, wadda ke nuna yadda gida ke riƙe ɗumi, kuma shekara goma take yi kafin ta tsufa. Tamu tun lokacin da muka sayi gidan a 2017 take, saboda haka tana da sauran rai. A cikinta akwai shawarar a ƙara audugar saman silin, kuma da a ce kafin ranar 8 ga Mayun 2024 na nema, wannan shawarar kaɗai ta isa ta tsayar da ni sai na cika ta, amma an cire sharaɗin. Duk da haka na ƙara audugar da kuɗina, domin zuba ɗumi a gidan da ke yoyo ta sama ɗiban ruwa ne da rariya. Kamfanin ya shigar da buƙata, bayan 'yan kwanaki Ofgem ta aiko mini da saƙon imel tana neman in tabbatar da cewa da yardata ake nema da sunan gidana, na tabbatar, aka fitar da bauca, wato takardar alƙawarin tallafin, mai wa'adin wata uku wadda dole a kammala aiki a cikinsa. Kuɗin bai taɓa hannuna ba, ban kuma biya don in jira a mayar mini ba, an cire shi ne daga takardar farashi tun farko, kamfanin kuma ya karɓi nasa daga hukumar bayan an gama. Waɗanda suka tuna da shirin tallafin gyaran gidaje na Green Homes Grant, wanda aka buɗe a 2020 aka rufe a watan Maris na 2021 bayan ƙorafe-ƙorafen jinkiri daga masu gidaje da masu aiki, za su ga cewa an koyi darasi.

Aikin sakawa an ce kwana huɗu zai ɗauka, ya ɗauki shida, kuma kwana biyu daga ciki babu ruwan zafi a gidan sai wanda muka dafa a buta. Asarar farko da muka yi ta wuri ce. Boilar da muka cire irin wadda ke ɗumama ruwa nan take ce idan an buɗe famfon ruwa, ba ta buƙatar tanki, shi ya sa masu gidan na dā suka cire tankin da ke cikin kabad ɗin saman bene, uwargida kuma ta mayar da wurin ma'ajiyar barguna da akwatunan atamfofinta. Famfon ɗumi ba ya iya wannan saurin, dole ya tara ruwan zafi a tanki, don haka kabad ɗin ya koma wa tsohon aikinsa, akwatunan kuma suka koma ƙarƙashin gado, abin da har yau ba a gama yafe mini ba. Matsala ta biyu ita ce inda za a ajiye injin. Na so a sa shi a lungun gefen gida inda ba wanda zai gan shi, amma a lokacin dokar gine-gine ta Ingila ta hana a ajiye shi ƙasa da mita ɗaya daga iyakar maƙwabci sai da izinin ƙaramar hukuma, ga kuma lissafin ƙarar da za ta isa tagar maƙwabcin. Haka ya ƙare a bayan gida, daidai ƙarƙashin tagar kicin. An soke wannan sharaɗi na mita ɗaya a ƙarshen Mayun 2025, watanni bayan an riga an kafe namu da siminti.

Ba zan ɓoye kurakuran kamfanin ba duk da yabon da na yi wa awonsu. Wani mahaɗin bututu a saman bene ya yi yoyo a daren farko, ya bar tabo a silin ɗin falo, kodayake sun dawo washegari sun gyara sun kuma biya kuɗin fenti. Ruwan da injin ke zubarwa ta ƙasa sun bar shi yana kwarara a kan daɓen tsakar gida, kuma da sanyi ya kankama sai ya daskare ya zama santsi, har ƙaramin ɗanmu ya zame a kai ya fasa leɓe, sannan suka zo suka haƙa ɗan rami suka cika shi da tsakuwa. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne yadda suka miƙa mana na'urar. A ranar ƙarshe suna sauri za su tafi wani aikin, yaron ya nuna mini allon saiti na minti biyar, ya ajiye mini littafi mai kauri, suka tafi. Sai da takardar kuɗin wuta ta Nuwamba ta zo na ga abin da ya tayar mini da hankali, na kira su, dattijon ya zo da kansa ya gano cewa an bar ruwan a kan digiri 55 dare da rana tun ranar gwaji, an kuma bar hitar da ke cikin tanki tana kamawa kullum. Ya kashe hitar sai sau ɗaya a mako, lokacin da ake kai ruwan tanki digiri 60 don kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya saita injin ya riƙa bin sanyin waje, idan gari ya yi sanyi ya ƙara zafin ruwan, idan ya sassauta ya rage. Wannan gyara na minti ashirin ya rage mana cin wuta da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ya ba da haƙuri, na kuma karɓa, amma ina tunanin gidaje nawa ne ba su kira ba, suka ci gaba da biya suna zagin na'urar.

Zama da famfon ɗumi yana buƙatar mutum ya sauya ɗabi'a. Da boila mun saba mu kunna ta da asuba da yamma, lagireto ya yi zafin da ba a iya dafa shi, ɗaki ya ɗau ɗumi cikin rabin sa'a, sannan ya huce idan an kashe. Famfo kuwa a bar shi yana aiki a hankali yini da kwana shi ne daidai, kuma lagireton ba ya wuce ɗumin jikin mutum sosai. Mahaifiyata ta zo mana ziyara a watan Disamba, kuma a daren da ta sauka ta ɗora tafin hannu a kan lagireton ɗakinta ta dube ni ta ce, "Kai, wannan abin naku ya mutu ne? Ai ko shayin da ya huce ya fi shi zafi." Na ce, "Hajiya, da ransa, ki dubi ma'aunin da ke bango, digiri 21 yake nunawa." Ta ce ita jikinta ta sani, ba ta san ma'auni ba, ta kuma sa aka ƙaro mata bargo. Bayan mako guda na lura ta daina sa rigar sanyi a cikin gida, ta kuma daina ɗora safa a ƙafa idan za ta fito sallar asuba, amma ba ta taɓa janye maganarta ba, ni kuma ban tuna mata ba.

Jarrabawar gaske ta zo a farkon Janairun 2025, lokacin da aka yi kwanaki ana dusar ƙanƙara, sanyin dare yana sauka ƙasa da sifili sosai. Gidan bai sauka daga digiri 20 ba ko sau ɗaya, kuma ɗakin da ke saman ƙofar shiga, wanda tun da muka tare ba a iya kwana a cikinsa da hunturu, ya zama kamar sauran saboda babban lagireton da aka sa masa. A cikin waɗannan kwanaki ne wata safiya uwargida ta ƙwala mini kira daga kicin, "Malam, fito ka gani, injin nan ya kama da wuta!" Na fito da gudu na tarar da farin tururi yana tashi daga akwatin ya rufe taga. Ba wuta ba ce. Idan iska tana da laima kuma akwai sanyi, ƙanƙara tana taruwa a bayan injin, sai ya juya aikinsa na 'yan mintoci ya narkar da ita, tururin kuma na wannan narkewar ne. Da an gaya mana haka ranar miƙa aiki da an hutar da mu. Game da ƙara kuwa, da rana ba a jin sa sai an tsaya kusa da shi, da dare mai tsananin sanyi ana jin gurnaninsa kaɗan daga kicin kamar na babban firji, kuma maƙwabcinmu da na tambaya ya ce bai taɓa lura ba.

Ruwan zafi shi ne inda gida irin namu ya bambanta da gidan da masu lissafi suka saba gani. Mu shida ne idan Hajiya tana nan, ana alwala sau biyar a yini da ruwan ɗumi a lokacin sanyi, ana wanka da safe, wasu ma har da dare, ga wanke tukwane masu maiƙo. Dattijon ya so ya sa mana tanki mai lita 200, na dage sai 250, kuma ban yi nadama ba. Duk da haka a makon farko na azumi, wanda ya faɗo a farkon Maris, ruwan ya ƙare mana sau biyu bayan sahur, domin an saita tankin ya ɗumama da tsakar rana, mu kuwa buƙatarmu ta koma tsakiyar dare. Da na ƙara masa zagaye na biyu da ƙarfe biyu na dare sai matsalar ta kau. Duk mai babban iyali ya faɗa wa mai awo gaskiyar yadda ake amfani da ruwa a gidansa, kada kunya ta sa ya yi shiru.

Batun da kowa ke tambaya shi ne ko ana samun rarar kuɗi, kuma amsata ita ce kaɗan ƙwarai. A hunturun da nake magana a kai, yunit ɗaya na lantarki yana kewayen kwabo 25, na gas kuma kwabo 6 da ɗoriya, wato lantarki ya ninka gas kusan sau huɗu, kuma wani ɓangare na wannan tazarar ya samo asali ne daga kuɗaɗen shirye-shiryen gwamnati da aka ɗora wa takardar lantarki fiye da ta gas. Idan aka yi lissafi, yunit ɗaya na ɗumi daga boila yana tsayawa a kan kimanin kwabo 7. Famfon da ke mayar da yunit ɗaya zuwa uku da rabi shi ma kimanin kwabo 7 ne, wanda ke mayar da huɗu ya sauko kusa da kwabo 6, wanda aka yi wa mummunan saiti yana mayar da biyu da rabi kuwa ya kai kwabo 10. Namu, bayan gyaran Nuwamba, allonsa yana nuna tsakanin uku da rabi da huɗu a yawancin kwanaki. Rarar da na samu ta zo ne daga komawa wani tsarin biyan lantarki da ke rage farashi a wasu sa'o'i na dare da rana, inda nake sa tankin ya ɗumama a lokacin araha. Idan na haɗa komai, abin da muka biya bai yi nisa da na hunturun da ya gabata ba, sai dai wannan karon gidan yana da ɗumi sa'a ashirin da huɗu, ba sa'a shida ko bakwai ba. Wanda ya shiga don ya mayar da fam 5,100 ɗinsa cikin shekara biyu ko uku zai sha jira.

Inda nake da ja da shirin shi ne waɗanda yake iya kaiwa gare su. An gina shi ne don mai gidan kansa, mai fili a waje da wurin tanki a ciki, mai kuma fam dubu huɗu ko biyar a ajiye. Mafi yawan 'yan uwanmu da na sani a nan, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, haya suke yi, kuma ɗan haya ba shi da ikon nema. Mai gidan haya yana da ikon nema, amma ba shi ke biyan kuɗin wuta ba, ba shi kuma ke jin sanyin ba, don haka babu abin da zai tura shi. Gidajen da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin samar da muhalli ke bayarwa haya ba sa cikin shirin, haka ma sababbin gidajen da kamfanoni ke ginawa. Sannan akwai batun lokaci. Daga ranar da na fara neman kamfani zuwa ranar da aka kunna injin wata uku aka yi, kuma na samu wannan sararin ne kawai domin boilata ta yi mini gargaɗi da bazara. Wanda tasa ta mutu a tsakiyar Janairu da yara a gida ba zai jira awo da bauca ba, zai kira mai gas ya sa masa sabuwa kafin jibi, kuma shi ke nan gidan ya sake ɗaurewa da gas na shekara goma sha biyar. Ba mamaki ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasa ya bayyana a rahotonsa na Maris 2024 cewa famfo 18,900 kawai aka saka a ƙarƙashin shirin daga Mayun 2022 zuwa Disamban 2023, alhali 50,000 aka yi tsammani, a ƙasar da a lokacin take da burin saka 600,000 a kowace shekara zuwa 2028. Ƙarin kuɗin zuwa fam 7,500 ya jawo masu nema sosai bayan haka, kuma ni kaina da a kan fam 5,000 aka tsaya da boila na sake saya. Ga wanda ke da gidan kansa, boilarsa ta tsufa, yana kuma da niyyar daɗewa a gidan, ina ba da shawarar ya nema, da sharaɗin ya fara tun bazara, ya kira aƙalla kamfani uku, kada kuma ya ba kowa kafin alƙalami sai ya ga lissafin ɗaki-ɗaki a rubuce.

Akwai wata rara da aka lissafa mini wadda har yau ban samu ba. Duk gidan da ke da mitar gas yana biyan kuɗin tsayuwa na kullum ko ya ƙona gas ko bai ƙona ba, kuma a shekara ya haura fam 100. Tunda boila ta tafi, abin da ya rage mai amfani da gas a gidanmu shi ne murhun girki, kuma dattijon ya ba da shawarar mu sauya shi da na lantarki mai aiki da maganaɗisu, a cire mitar gaba ɗaya. Na kai wa uwargida maganar tare da lissafi a takarda. Ta saurare ni har na gama, sannan ta buɗe kabad ta nuna mini tukwanen dalma da ta zo da su daga gida, waɗanda irin wannan murhu ba ya ɗumama su ko kaɗan, ta kuma tambaye ni ko na taɓa ganin an tuƙa tuwon mutum shida da muciya a kan farantin gilashi. Mitar tana nan a maƙale a bango, kuma takardarta ta watan jiya ta nuna cewa kuɗin tsayuwar ya fi na gas ɗin da muka ƙona.